Waƙar da Na Zaɓa wa Hajiya

Shekara talatin ina sayar da tayoyi a Titin Ibrahim Taiwo, ba wanda ya taɓa cusa mini jabu, sai ga waƙa ta kayar da ni.

Kowa ya san ra'ayina kan kiɗan Turawa. Rok hayaniyar maƙera ce, sol kuwa ƙato ne da gemu yake kuka. Kantiri ce waƙar masu hankali. Turancina na ciniki ne, amma na yarda da kunnena.

Da matata ta yi ritaya daga koyar da Turanci, na shirya mata walima a Fagge. Na je Sabon Gari wajen mai tura waƙoƙi, na zaɓi wata mai sanyi da ake ta maimaita "dalin", wato masoyiya. Ya ce, "Alhaji, ka san me take cewa?" Na ce, "Tura kawai! Tun ba a haife ka ba nake jin kantiri."

A gaban malaman makarantarsu na miƙe na ce, "Hajiya, abin da ke zuciyata ke nan." Aka saka. Ina gyaɗa kai, malamai na sunkuyar da nasu. Hajiya ta ɗauki jakarta ta fice.

Ashe ɗan banzan mawaƙin murna yake matarsa ta tafi ta bar shi da karensa. Karen ne dalin.

Kwana goma Hajiya tana fushi da ni. Abin da ke ƙona mini rai, har yau maƙwabtan shago cikin ladabi suke gaishe ni: "Alhaji, ya iyali? Ya dalin, ya samu ƙashi kuwa?"