Hoton Sarkin Sanyi a Kan Rufi

Duk unguwar Gyaɗi-Gyaɗi babu mai ƙwaƙwalwar Injiniya Ashiru. Wanda yake shakka ya tambayi Injiniya Ashiru. 'Yan unguwa suna ce masa Sarkin Sanyi, shi kuwa bawan Allah ya ɗauka naɗi ne, har da jinjina yake amsawa.

Gaskiya dai ya ƙera firjin da ba ruwansa da wutar lantarki. A kan rufi ya kafa baƙin akwati mai murfin gilashi, cike da gawayin da ya sha sinadari. Rana ta gasa gawayin ya amayar da sinadarin, idan gari ya huce ya sake zuƙe shi, zuƙar nan ce take sanyaya firjin da ke tsakar gida. Iyakar bayanin ke nan, amma a bakin Injiniya yakan ci wuni guda.

"Turawa sun yi mai cin wuta," in ji shi a majalisa, "ni na yi mai cin rana. Ku kwatanta kawunan."

Matarsa Fiddausi kunun aya take yi, abin da ba ya jure zafi. Wani babban gida a Darmanawa ya ba ta aikin suna, karonta na farko, ta ce za ta sayo ƙanƙara. Injiniya ya dafe ƙirji.

"Matar Sarkin Sanyi a layin ƙanƙara? Rufa mini asiri! Zuba a firjina, ranar sunan zan ƙaddamar da shi."

Ana gobe suna, Fiddausi ta ɗura kunu a robobi ta jera a firji. Shi kuwa da sassafe ya hau rufi da ƙaton hotonsa na babbar riga da tabarau. Ya duba ko'ina, bai ga inda ya dace da wannan fuska ba sai kan gilashin, don shi ake hangowa daga titi. Ya shimfiɗa, ya ɗaure tamau. Rana ta wuni tana gasa hoto, gawayi yana hutawa a inuwa.

Washegari manyan ƙaramar hukumar Tarauni suka hallara don ƙaddamarwa. Injiniya ya yi jawabi har aka fara hamma, sannan ya buɗe firji. Tsami ya bugi hancin kowa. Robobi sun kumbura, ɗaya ta fashe a babbar rigarsa. A waje motar gidan suna tana ta hon. Fiddausi ta zauna daɓas a ƙasa tana hawaye, abin gwanin ban tausayi.

Injiniya ya gyara murya. "Jama'a, wannan sakaci ne daga ɓangaren rana."

Fiddausi ta ɗaga kai ta dubi rufi.

"Rana ta yi nata, Baban Hadiza. Fuskarka ce ta tare hanya."