Rasuwar Maigadin Sabar Shagon Tabarau

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, Mai Tabarau na bakin titi, a madadin iyalinsa da ma'aikatan shagonsa, yana sanar da 'yan uwa da abokan ciniki rasuwar amintaccen baransa, yufiyes ɗin da ke ƙarƙashin teburin ɗakin baya, wanda aka fi sani da Maigadi. Rai ya yi halinsa ranar Talata da hantsi, bayan doguwar jinyar da babu wanda ya yarda jinya ce.

Ga waɗanda ba su san marigayin ba, baƙin akwati ne mai nauyin tsiya, cikinsa batir, aikinsa ɗaya tak. In an ɗauke wuta shi ke tallafe saba, babbar kwamfutar da ke riƙe da sunan kowane mai ciniki da awon idonsa, har a tayar da janareta ko a kashe ta cikin mutunci. Ita saba ba a katse mata hanzari. In wuta ta yanke tana tsakiyar rubutu, sai na jiya da na yau su cakuɗe, ba mai iya raba su.

Marigayin mai haƙuri ne na a ba da labari. An ɗora masa ƙafa, an buge shi da tsintsiya, an jona masa cajar waya da fanka, har wata rana mai yankan gilashi ta jona masa butar shayi, duk ya shanye. Maganarsa biyu ce a duniya. In wuta ta tafi ya ce "ƙyat," ya ɗauki kaya. Daga nan sai "tiit… tiit…" a hankali, kamar dattijo yana gyaran murya a ƙofar gida.

A bara muryarsa ta sauya. Ko da wuta, sai a ji "tit-tit-tit" ba ƙaƙƙautawa. Mai gyara ya duba ya ce batir ne ya tsufa, a canza. Mai Tabarau ya ce to, bari a samu sarari, sarari kuwa bai taɓa zuwa shagon nan ba. Ana cikin haka ƙanin matarsa, wanda ke tsaron kantar shagon, ya gaji da kukan, ya durƙusa ya lalubo wani maɓalli ya danne, ɗaki ya yi tsit. Ya miƙe yana kaɗe gwiwa ya ce, "Yaya, ai na gyara shi. Dama shagwaɓa ce." Shago ya ɗauka da sambarka, kowa na cewa Maigadi ya warke. An ce in kunne ya ji jiki ya tsira. Nan kunne ya ji sarai, sai aka toshe bakin mai faɗa.

Ranar Talatar, ana cikin shigar da sababbin oda, aka ɗauke wuta. Mai Tabarau ya saurari "ƙyat" yadda ya saba, bai ji ba. Komai ya mutu lokaci ɗaya. Ya ce tun kafin janareta ya tashi ya san an yi rashi.

Marigayin ya rasu ya bar firinta, da fanka, da cajoji da dama waɗanda tuni suka koma wani soket ba kunya. Ya kuma bar saba, wadda ya yi wa hidima duk tsawon rayuwarsa. Tana raye, fitilarta na kamawa, amma hankali ya gushe. A tambaye ta suna, ta kawo awon idon wani, ko ta zubo haruffan da ba na kowane yare ba. Akwai kwafin ajiya, gaskiya ne, sai dai a cikinta aka ajiye shi, kamar wanda ya kulle akwati da makullin a ciki. Mai gyara ya yi iya yinsa, ya ce sai haƙuri.

Abin da ke hana Mai Tabarau cin abinci shi ne durowa uku cike da tabarau da aka gama yankawa, kowanne a ambulan mai lamba, ba suna. Saba kaɗai ta san lambar wa ce. Akwai wani tsohon malamin makaranta da ke zuwa kullum jikarsa na riƙe da hannunsa, ya tsaya a bakin kantar shagon ya ce, "Ɗana, nawa ya fito?" Ya fito, Baba, yana nan a ciki. Wanne ne, Allah kaɗai Ya sani. Wasu ba su da haƙurin tsohon, sun riga sun tsallaka titi zuwa wani shago, kuma Mai Tabarau bai ga laifinsu ba.

Za a ɗauki gawa ranar Asabar da safe a baro, zuwa wurin mai sayen tsofaffin ƙarafa, inda za a ɗora ta a sikeli. Ƙanin matar ne zai tura baron. Ba a buƙatar masu rakiya.

Zaman makoki a shago za a yi. Ana roƙon duk mai jiran tabarau ya zo ya zauna, a zube masa durowa ya yi ta gwadawa ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya ga hanya da shi, ya tafi da shi, Allah Ya sa nasa ne. Abin da ya rage kuma, da shi a ciki za a rufe shagon gaba ɗaya a ƙarshen wata.