Rasuwar Gwaggo, Tasin da Aka Warkar Don a Kashe

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da gareji mai cike da iska, iyalan direban tasin nan da kowa ya sani da Ba-Gaggawa suna sanar da 'yan uwa da abokan arziki da tsofaffin fasinjoji rasuwar motarsu, rufin asirinsu, wadda yaran gidan suke kira Gwaggo. Ta rasu da hantsi a filin murƙushe tsofaffin motoci, bayan shagon da ake sayar da sababbi, tana da shekara ashirin da 'yan kai a duniya. An saba cewa mamaci ya rasu bayan doguwar jinya. Ita Gwaggo sai da ta warke sarai sannan ta rasu, kuma wannan ne ya hana maigidanta cin abinci har yau.

Marigayiya 'yar babban gida ce. An haife ta a wani katafaren kamfanin ƙera motoci, irin wanda shugabanninsa ba su taɓa tura mota da hannunsu ba. Ta shigo hannun Ba-Gaggawa tana bazawara, bayan ta yi zaman haƙuri a gidan wani ma'aikacin ofis da bai san ranar canza baƙin mai ba. Tun daga ranar ba su rabu ba. Yara suka sa mata suna Gwaggo saboda ba ta taɓa tashi da safe ba tare da mita ba. Sai ta fara da kyar-kyar-kyar, ta yi tari, ta yi shiru kamar an ɓata mata rai, sannan ta ce hu'um, ta kama. Kuma ba kowa take tashi wa ba. Sai maigidanta ya murɗa makulli rabi, ya lallaɓa totur, ya ɗan shafa mata sitiyari yana ba ta baki. Ɓarayi sun taɓa gwada sa'arsu, suka wahala suka bar ta a inda take, har ɗaya ya manta hularsa a kujerar gaba.

Halayenta na kirki ba sa ƙirguwa. Ta kai masu naƙuda asibiti a kan lokaci, duk da maigidanta bai yarda da gudu ba. Ta ɗauki katifa a ka, firij a baya, surukai a tsakiya, ba ta taɓa tambayar kowa matsayinsa ba. Ita ta biya hayan gida, ita ta ɗinka wa yara kayan makaranta, ita ta sayi maganin hawan jinin maigidan, wanda rabinsa ita ta jawo masa. Mamaci ba a tona masa asiri, don haka ba za mu ambaci gilashin baya da ya ƙi sauka tun zamanin da babbar 'yar gidan take rarrafe ba. Ba za mu kuma ce komai ba a kan rufin da ke sa fasinja buɗe lema a cikin mota idan ana ruwa. Hayaƙin salansarta kuwa, waɗanda suka taɓa bin ta a baya su yafe mata.

Ajalinta ya faro ne daga ciwon wasu. Tattalin arziki ya karye, ofisoshi suka fara sallamar ma'aikata, masu hawa tasi suka gano cewa ashe tafiyar ƙafa tana ƙara lafiya. Ba-Gaggawa yakan wuni a tasha yana goge gilashin da ba ya da datti. Ana cikin haka aka ji labarin cewa manya ma sun kwanta: bankuna sun yi ta caca da ajiyar mutane har ta ƙare, kamfanin da ya haifi Gwaggo kuma ya ƙera motocin da ba mai saye. Shugabanninsu suka sa kwat, suka hau jiragensu na kansu, suka je gaban gwamnati roƙo. Gwamnati ta duba ta ce waɗannan marasa lafiya ba a barinsu su faɗi, don idan suka faɗi kowa za su danne. Nan take aka ba su gado, aka jona musu ƙarin jini daga baitulmali.

Iyalan suna alfahari da cewa akwai jinin Gwaggo a cikin wanda aka ƙara musu. Duk litar man da ta sha da harajinta a kai, duk takardar da aka sabunta mata haka. Ta yi wa gidan ubanta biyayya iyakar biyayya. Da uban ya farfaɗo ya tashi zaune, abin da ya fara yi shi ne sanar da cewa ya daina ƙera kayan gyaran motocin tsararta. Shugabannin kuma suka raba wa kansu tukuicin jure wahala.

Daga nan jikinta ya fara taɓuwa. Lagireto yana yoyo, giya ta biyu tana shiga sai ta ga dama, kuloci yana kuka iii kamar ƙofar da ba ta ga mai ba. Bakanikenta, wanda 'yan tasha suke kira Likita, ya yi ta yawo a makabartar motoci yana ciro mata sassan 'yan uwanta da suka riga ta. Da haka take fita, rana ɗaya aiki, rana ɗaya kwance.

Sai gwamnati ta fito da tsarin da ta ce na taimakon talaka ne. Kamfani yana buƙatar masu saye, banki yana buƙatar masu cin bashi. To, duk mai tsohuwar mota ya kawo ta a kashe, a ba shi takardar rangwame a kan sabuwa, banki ya ranta masa ragowar kuɗin. Sharaɗin guda ne: ba a karɓar gawa. Dole motar ta shigo filin da ƙafafunta, injinta yana aiki lafiya, don a tabbatar mota aka kashe, ba tarkace ba.

Ba-Gaggawa ya leƙa shagon sababbin motoci, wai kallo kawai zai yi. Mai sayarwa ya buɗe masa ƙofar wata fara, ya ce ya zauna ya ji. Ya zauna. Kujera ta rungume shi, ƙanshin sabuwar leda ya hau masa kai, ya taɓa maɓalli gilashi ya sauka da kansa ba tare da an haɗa da addu'a ba. Mutumin da ya yi shekaru ba a ga haƙoransa ba ya fito yana murmushi shi kaɗai. Don kada a ce ya yi gaggawa, ya fara leƙawa banki ya yi tambaya a kan rancen. Wata jami'a mai fara'a ta gaya masa ba a duba buƙatar kowa sai ya zo da shaidar mutuwar tsohuwar mota, ya kawo ta tukuna.

Saura a sa Gwaggo ta miƙe. Likita ya ce gyaran gaske take so, ba ɗaure-ɗauren waya ba. Gidan babu abin sayarwa sai keken ɗinkin maman yara, wanda da shi take toshe ƙofofin da tasi ta bari a buɗe. Ya yi ta lallashinta, yana cewa da sabuwar mota zai saya mata mai lantarki kafin wata ya ƙare. Ta ba shi, ba don ta yarda ba, sai don ta gaji da ganinsa yana kwana yana juyi.

Likita ya zage ya yi aikin da bai taɓa yi ba. Ranar da aka sallamo ta, Gwaggo ta tashi ba tari, ta ce hummm, sumul, kamar mai rera waƙa. Giya ta biyu ta shiga da ladabi. Suka zaga unguwa da yara a baya suna ihu, ta hau tudun kasuwa ba ta ja numfashi ba. Likita ya goge hannunsa ya ce shi dai da tasa ce, da ya fasa, wannan za ta ƙara shekaru a hanya. Maman yara ta tsaya a bakin ƙofa ta dubi mijinta.

"Baban yara, motar da take tafiya haka, ina za ka kai ta?"

Ya ce mata mata ba su gane harkar tattalin arziki ba. Iyalan sun nemi a cire wannan magana daga sanarwa, ita maman yara ta ce a bar ta.

Da safe ya wanke ta da sabulu, ya share ƙarƙashin kujeru, ya tuƙa ta zuwa filin. Ma'aikatan suka zagaya ta, suka yaba lafiyarta, suka rubuta cewa ta cancanta. Aka kwance mata ƙasa aka tsiyaye baƙin man da aka zuba mata sabo fil. A madadinsa aka ɗura wani farin ruwa mai yauƙi, wanda idan ya ji zafi yake daskarewa ya riƙe injin har abada. Abin da ya rage a tayar da ita, a danne totur har ta mutu. Shugaban filin ya shiga ya murɗa makulli, ta ƙi. Mataimakinsa ya gwada, ta ƙi. Duk gyaran Likita bai canza mata hali ba, baƙo ba ya tayar da ita. Layi ya yi tsawo a baya, ana ta hon. Shugaban filin ya miƙa wa Ba-Gaggawa makulli ya ce ya taimaka.

Ya shiga. Ya murɗa rabi, ya lallaɓa totur, ya shafa sitiyari. Ta ji hannun da ta sani, ta ce hu'um, ta kama. Ya danna. Ta ɗaga murya tana murna, ta ɗauka tafiya za a yi. Can muryar ta fara kaurara, gur-gur-gur, jikinta ya ɗauki rawa, wani wari ya taso daga bonet. Ma'aikatan sun ce ba su taɓa ganin motar da ta daɗe tana kokawa haka ba. Bai ɗaga ƙafarsa ba. Hawaye na zuba a rigarsa, ƙafar tana nan daram inda aka ce ya ajiye ta. Ta ce kak, kak, ta yi shiru. Ya daɗe a zaune riƙe da sitiyari, sai da aka ƙwanƙwasa masa gilashi.

A ƙafa ya je banki da shaidar mutuwa a aljihun gaba. Jami'ar nan mai fara'a ta karɓa, ta taya shi murna, ta tambayi sana'arsa. Ya ce direban tasi. Ta ɗan dakata da bugun kwamfuta.

"Baba, da wace motar kake sana'ar yanzu?"

Ya nuna mata takardar da ke hannunta. Cikin ladabi ta bayyana masa cewa tun da aka ceto bankin, an gargaɗe su su daina sakaci da dukiyar jama'a. Ba sa ba da rance ga wanda ba shi da hanyar samu, shi kuwa a rubuce yake cewa hanyar samunsa ta rasu da hantsin nan. Ta ba shi alƙalami mai tambarin banki kyauta, ta kira na gaba.

Marigayiya ta bar maigida ɗaya mai lasisi ba mota, da maman yara mai zare da allura ba keke, da yara masu tambayar yaushe sabuwar za ta iso. Ta bar tayar safaya, da jak, da lemar fasinja. Ta bar Likita, wanda majinyatansa suke ƙarewa a filin nan ɗaya bayan ɗaya. Ta kuma bar mahaifinta kamfani da kawunta banki cikin ƙoshin lafiya, har an ce sun yi ƙiba. Ba su samu zuwa gaisuwa ba, amma kamfanin ya aiko saƙon waya yana tunatar da iyalan cewa rangwamen yana da wa'adi.

Game da jana'iza, ba za a yi wanka ba, maigidanta ya riga ya yi mata da hannunsa. Ba za a haƙa kabari ba. An matse ta ta dawo kamar akwatin kaya, kuma babbar mota za ta kwashe ta tare da sauran mamatan zuwa inda ake narka ƙarfe. Masu son rakiya su tsaya a bakin titi, ba za su gane ta ba, sai dai su ɗaga wa motar hannu gaba ɗaya.

Zaman makoki ba a gida za a yi ba, saboda maigidan ya samu aiki a filin. Shugaban filin ya yaba da yadda ƙafarsa ba ta rawa a kan totur, ya ce irinsa suke nema, mai iya lallashin tsofaffin motoci su tashi. Ya je gida ya duba tukunya, ya dawo ya karɓa. Masu ta'aziyya za su same shi a can daga safe zuwa yamma, a kujerar direba, cikin motar wani. Da yawa daga motocin da ke layi na abokansa ne na tasha. Ya gaya musu abin da ya same shi, kowa ya ce nasa bankin daban ne.

Ana roƙon jama'a su yi gaisuwa ta taga, a taƙaice, kuma kada a yi masa magana yayin da injin yake kuka. Idan an ga yana share ido, a ɗauka hayaƙi ne a wuce. Kada kowa ya ce masa ya ɗaga ƙafa. Ana biyansa ne a kan kowace motar da ta yi shiru, kuma yara suna gida suna jiran abinci.