Yadda Ake Rage wa Babur ɗin Suruki Shan Mai Ba Tare da Ya Sani Ba

Kai da surukinka ya ba aron babur, matso kusa. Na san damuwarka: abin hawan na zuƙar mai kamar an huda tankin, ga shi an kafa maka sharaɗin kada ka taɓa shi. Kwantar da hankalinka. In ka bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya, na yi maka alkawarin ko ɗigon fetur ba za ka ƙara saya ba. An gwada, an gani. Wanda ya gwada ɗin ma maƙwabcina ne, Mai Dabara, mai gyaran fanka a bakin titi, kuma da shi za mu yi misali har ƙarshe.

Mataki na 1: Karɓi amana da hannu biyu

Ranar da za a miƙa maka makulli, durƙusa, ka sunkuyar da kai, duk abin da aka faɗa ka ce to. Ba sai ka saurara ba.

Surukin Mai Dabara, wanda kowa ke kira Baba, yana da wani tsohon babur da ya raɗa wa suna Dattijo. Ciwon gwiwa ne ya raba su, amma kullum sai ya goge shi. 'Yarsa Auta, matar Mai Dabara, ita ta yi ta sintiri gidan tana roƙo, don ta gaji da ganin mijinta yana saɓa fankokin mutane a kafaɗa cikin rana.

Da ƙyar Baba ya ce, "Auta, don ke na bayar. Ya zuba mai, ya canja baƙin mai, shi ke nan. Ranar da ya kwance masa noti ɗaya, Dattijo ya dawo gida."

Ta ce, "Ni na tsaya masa, Baba. Ba zai taɓa ba."

Mai Dabara na durƙushe yana ta "to, Baba, to, Baba", amma idonsa na kan tayar baya.

Mataki na 2: Nemi ilimi wurin waɗanda ba su da babur

Kada ka kuskura ka je wurin bakanike. Bakanike ya san surukinka, kuma bakinsa ba ya riƙe magana. Tafi bencin mai aski, nan masana suke.

Ga darasin a taƙaice. A jikin tayar baya akwai faifan ƙarfe mai haƙora wanda kaca ke bi ta kansa, shi ne sufuroket. In babba ne, babur zai yi ƙarfin jan kaya da hawa tudu, amma injin zai riƙa kuka yana shan mai. In ƙarami ne, injin zai huta a miƙaƙƙiyar hanya, mai ya yi auki. Akwai ragowar bayani game da abin da ƙaramin ke yi in an zo hawa, amma wannan bayani ne na matsorata, tsallake shi.

Mai aski, wanda ko keke bai taɓa mallaka ba, ya nuna Mai Dabara da reza ya ce, "Na Dattijo haƙori arba'in da biyar ne. Sa masa mai talatin da biyar, ka ɗan shaƙe kafireta mai shayar da injin mai, wallahi sai ka manta hanyar gidan mai."

Mai Dabara ya ce, "Ai ni duk abin da ke juyawa ƙanin fanka ne a wurina."

Ka ji maganar masu ilimi. Ka haddace ta, za ta yi maka amfani.

Mataki na 3: Yi aikin da hannunka

Jira sai matarka ta fita unguwa. Shigar da babur tsakar gida, ka sa sakata. Cire taya, kwance tsohon faifan, ɗaura sabon. Za ka ga kaca ta yi sako-sako tana lilo. Rage mata haɗi, in ta ƙi ka sa guduma. Daga nan ka koma kan kafireta da sukundireba, ka yi ta murɗa sukurun mai har injin ya fara tari. Tarin nan shi ake kira tattali.

In ka gama ka ga wani noti ya yi saura a ƙasa, kada ka damu. Kamfani ne ya sa shi don ado.

Mataki na 4: Ɓoye tsohon faifan

Kada ka yar, wata rana za ka so mayarwa kafin a gane. Nemi wurin da babu mai dubawa. Mai Dabara ya yi dogon tunani irin na maza, ya cusa shi ƙarƙashin kabad ɗin kicin, wato wuri ɗaya tak a gidan da ake sharewa kullum.

Washegari Auta ta fito da shi a hannu. "Wannan fa, na mene ne?"

Ko ƙifta ido bai yi ba. "Na wata tsohuwar fanka ce, ta masana'anta."

"Kai, amma ya yi kyau. Na ɗauka?"

"Ɗauki mana."

Ta wanke shi tas da omo da soson ƙarfe, ya koma abin ɗora tukunya mai zafi. Mai Dabara ya ga haka ya yaba wa kansa, don a ganinsa ba mai neman kayan babur a ƙarƙashin tukunyar miya.

Mataki na 5: Yi alfahari, amma ka guji tudu

Yanzu lokacin cin moriya ne. A shimfiɗaɗɗen titi Dattijo ya koma saurayi, yana tafiya sumul, allurar mai ko motsi ba ta yi. Tsaya a bencin mai aski, buɗe tanki, ka kira mutane su leƙa.

Tashi daga tsaye ne kawai zai riƙa yi maka gardama. Taimaka masa da ƙafa biyu, kana yi kana duba waya don a ɗauka ganin dama ne. Hanyar da ke da hawa kuwa, kewaye ta, ko da kewayen zai cinye man da ka tara.

Matsala ɗaya Mai Dabara ya samu: gidan Baba a can ƙolin tudu yake. Sai ya mayar da gaisuwar suruki ta waya. Yau aiki ya yi yawa, gobe hadari ya haɗo, jibi ciwon kai. Har Baba ya ce wa Auta, "Tunda mijinki ya yi nauyin ƙafa, ni zan zo in ga Dattijo."

Mataki na 6: In suruki ya zo, kada ka bar ɗakin

Wannan matakin Mai Dabara ya karya shi, kai kada ka karya. Ya jingine babur ɗin da bango ta gefen kaca, ya lulluɓe tayar baya da buhu wai saboda rana, sannan rawar kai ta ɗebe shi ya fita sayo wa Baba lemo mai sanyi.

Yana fita Auta ta kawo abinci. Ta ajiye faifanta a kan tabarma, ta ɗora tukunya. Baba ya kai loma baki, sai hannunsa ya tsaya. Ya ɗaga tukunyar, ya bi haƙoran da yatsa, har ya zo kan wani guda da ya ɗan gutsure. Shi da kansa ya gutsure shi shekarun baya.

"Auta, ina kika samo abin ɗora tukunya mai kyau haka?"

"Na fanka ne, Baba. Shi ya ba ni."

"Fanka. Allah Sarki. Ba ni shi, mamarki za ta so irinsa."

Ya goge shi, ya zura a aljihun babbar riga, ya ci abincinsa ya ƙoshi. Da Mai Dabara ya dawo da lemo, Baba ya sha, ya sa albarka, ya ce, "Yaro, kai ni gida. Mu biya shago, akwai buhun shinkafar da na saya."



Mataki na 7: A kan hawa, ɗora laifin a kan komai

Ɗauko gudu tun daga nesa. Shiga da giya ta uku, dawo ta biyu, dawo ta ɗaya. In ka nemi wata a ƙasa ka rasa, fara salati.

Dattijo ya kai tsakiyar tudun yana kakari, ya yi tari biyu, ya mutu. Ga Baba a baya, ga buhu a kan tanki, ga babur yana neman komawa inda ya fito. Mai Dabara ya damƙe birki, gumi na bin gemunsa. Ya buga kik, injin ya tashi, ya saki kuloci, injin ya sake mutuwa.

"Baba, man yanzu ne, duk gauraye suke yi."

"Haka ne."

"Ga iska kuma ta gaba take busowa."

"Na ji ta."

"Kuma fulogi..."

Baba ya sa hannu a aljihu, ya miƙo faifan ta saman kafaɗarsa, yana ta ƙamshin miya. "Ko wannan fankar yake nema?"

In ka zo nan, kada ka ce komai. Mai Dabara ya sauka zai durƙusa a tsakiyar titi, Baba ya ce, "A'a, riƙe shi kada mu gangara. Ka san gwiwata ba ta hawa tudu." Ya matsa gaba ya kama kan babur, ya gyara zaman rigarsa. "Bismillah, tura."

Haka aka hau. Baba na tuƙi, buhu na kwance, Mai Dabara na baya yana nishi, masu shaguna sun fito suna yi musu sannu. Wata mai sayar da ruwa har cewa ta yi, "Baba, sabon inji aka yi?" Baba ya ɗaga mata hannu.

A ƙofar gida ya zare makullin, ya leƙa tanki, ya gyaɗa kai. "Gaskiya aikinka ya yi kyau, yaro. Tun daga tsakiyar hawa ko ɗigo bai sha ba." Ya sa makullin a aljihu. "Ka gaida Auta. Ka ce mata ban ga laifinta ba."

Mataki na 8: Koma gida a ƙasa

Tafi a hankali, don abin da ke jiranka ya fi tudun. Mai Dabara ya tarar labari ya riga shi isa. Ya shirya wa faɗa, ya tanadi amsoshi, amma Auta ba ta ɗaga murya ba, kuma wannan ya fi yi masa ciwo.

Ta ce, "Babur ɗin bai dame ni ba. Ni na ce wa Baba na tsaya maka. Kuma ka bar ni na ɗora masa tukunya a kan ƙaryarka, da hannuna."



Bayan kwana biyu Baba ya aiko da saƙo a leda: ƙaramin sufuroket ɗin ne, an cire an wanke, wai a ba Auta maimakon nata da ya karɓa. Yanzu a kansa take ajiye wa Mai Dabara kwanon abincinsa safe da yamma. Shi kuma ya koma saɓa fanka a kafaɗa, kuma kamar yadda na yi alkawari tun farko, bai ƙara sayen fetur ba.

Sanarwa

Mai wannan jagora ba bakanike ba ne, ba shi da babur, surukinsa ma ko tocila ba ya ba shi aro. Duk wanda ya bi matakan nan ya rasa abin hawa, ko mutunci, ko fara'ar matarsa, shi ya jiyo, kada ya doso ƙofata. In ƙorafi ya zama dole, a kai wa mai aski. Yana nan a bencinsa, jiya ma na ji shi yana koya wa wani ango yadda ake huda salansa.