Rasuwar Rigar da Ta Zauna a Benci

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da gwiwoyi masu cike da ciwo, ni Orville Pruitt, tsohon ɗan wasan ƙwallon kwando na ƙungiyar kamfanin gwangwani ta garinmu a jihar Indiana ta Amurka, nake sanar da rasuwar rigata ta ulu, shuɗiya, mai lamba goma sha huɗu. Ta rasu ranar Alhamis tana da shekara arba'in da biyu.

Mun haɗu a 1951. A al'adar wasan, wanda ke benci yana sanye da rigarsa har koci ya kira sunansa, sannan ya tuɓe ya shiga fili. Shekara bakwai marigayiya ba ta rabu da kafaɗata ba sai sau tara. Mai haƙuri ce, ba a taɓa jin muryarta ba in ban da "ƙas, ƙas" na maɓallanta, duk sanda na yi zumbur na fara tuɓewa, ashe na kusa da ni ake kira.

Babban halinta shi ne riƙon amana. Na shaida wa 'ya'ya da surukai cewa maki ɗari huɗu na ci, ita ko uffan.

Asu ne ya kwantar da ita. Ran Alhamis ɗin, muna cin abincin bikin godiya na shekara-shekara, na ɗauko ta don nuna wa sabon suruki, sai shafinta ya yage, guntun jaridar da na ɓoye a ciki ya faɗo kan tebur kusa da gasasshen talotalo. 'Yata Darlene ta karanta da ƙarfi: Pruitt, wasa tara, maki huɗu. Wallahi na so ƙasa ta tsage. Na kasa duban matata Wilma, wadda nake jin tatsuniyar nan ce ta riƙe mini mutunci a idonta.

Ta ce, "Ci abincinka, tsoho. Shekara bakwai ina zaune a bayan bencin nan. Ka zaci ƙwallo nake zuwa kallo?"

Marigayiya ta bar wando ɗaya da ya daina shiga, da takalman da ƙasansu bai goge ba, da maƙaryaci guda.

Za a binne ta ranar Asabar da hantsi, a bayan gareji. Ba a buƙatar furanni, ba a kuma amsa tambaya. Za a binne ta babu maɓallin wuya, Wilma ta cire shi ta ce nata ne.