Wa Zai Ja Ƙaya?

A wani daji da ke bayan dutse, dabbobi masu cin ciyawa sun kewaye makwancinsu da shingen ƙaya mai ƙofa ɗaya. Da yamma sukan shiga a jere, na ƙarshe ya ja ƙaya ya toshe ƙofar. Sai dai babu mai yarda shi ne na ƙarshe, domin a dajin nan wanda ya zo baya ba ya da daraja. Ƙofa takan kwana a buɗe, Kura kuwa ba ta taɓa ƙorafi ba.

Da aka ɗauke ɗan Gada na biyu, majalisa ta zauna. Gwanki, shugaban majalisa, ya yi gyaran murya ya ce, "Jama'a, kowa ya kwana lafiya shi ya so. Mun yi baƙin ciki, kuma za a sanar da cewa mun yi baƙin ciki. Abin da ya rage shi ne a gano na ƙarshe ba tare da an ci mutuncin kowa ba."

Gada ta miƙe, idanunta jawur. Ta ce, "Ranka ya daɗe, ni ba ruwana da daraja. Ku bar mini ƙayar in riƙa ja kullum."

Barewa ta kaɗa kunne ta ce, "Haba 'yar'uwa! Idan kowa zai naɗa kansa, mu me muke yi a nan? Aiki sai da tsari. Shawarata ita ce, duk wanda ya iso ƙofa ya waiwaya. In ya ga wani a bayansa ya wuce. In bai ga kowa ba, shi ne, kuma ba wanda ya ga kunyarsa."

Aka yi ta tafa mata. Gada ta ce, "Wani kamar wa?" Gwanki ya ce lokacin tambayoyi ya wuce.

Dokar ta yi aiki har damina ta kusa fita. Aka ba Barewa sarautar Sarauniyar Tsari.

Wata yamma Gada ta makara wajen kiwo, ta biyo bayan Gwanki. Ya waiwaya ya gan ta, ya wuce. Ita ma ta waiwaya, sai ga Kura tsaye a layi cikin ladabi, tana jiran a zo kanta. Gada ta cafki ƙaya za ta ja, Barewa ta daka mata tsawa daga ciki: "Akwai wani a bayanki ko babu?"

"Kura ce!"

"Ba sunanta na tambaye ki ba."

Gada ta dubi Kura, ta dubi majalisa. Ta saki ƙayar, ta yi tsalle gefe, ta nufi dutse da gudu ba ta ko waiwayo ba.

Kura ta shiga a natse. Ta waiwaya ba ta ga kowa ba, sai ta ja ƙaya ta toshe ƙofa sosai, har ta danna da ƙafa.

Tun da aka kafa majalisar, ba a taɓa samun mai bin doka kamarta ba.