Tsagar Surukina

Shekara ashirin ina dillancin albasa a Aliero, ba a taɓa sayar mini da ruɓaɓɓen buhu ba, sai na zaci ɗaukar hoto ma aikin ido ne kawai. Na sayi kyamara, na koyi gyaran fuska a waya, na zaɓi surukina na Maiyama ya zama tallar sana'ata. Na ɗauke shi hoto, na goge fuskar sumul, na sa a firam, na miƙa masa gaban jama'a.

Ya daɗe yana kallo, ya ce, "Wanga yaro ɗan wa na? Ina tsagata ta Kabawa?"

Ashe na share ta tare da tamoji.

Tun ranar ba wanda ya ƙara kirana biki. In na shiga kasuwa, mahauta sai su dafe kumatu: "Ga Magogi nan, kowa shi ɓoye asalinai!"